Baturen Zaɓe, Ɗan Goggona

Ɗan goggona ne, yayar mahaifina, kuma ya girme ni da shekara biyu. A gida Auta ake kiransa, a makaranta aka laƙaba masa Baturen Zaɓe, yanzu kuwa a layin da yake aiki mai fotokofi kawai ake cewa. Ni Yaya nake ce masa har gobe. Shi ne mutum na farko da na taɓa gani yunwa tana nuƙurƙusarsa alhali ga abinci a gabansa, kuma ban sake ganin na biyu ba.

Mata huɗu Goggo ta jera kafin Allah ya ba ta shi. Mijinta makanike ne, mu yara Baban Gareji muke ce masa. Ƙaton mutum ne mai faɗin tafin hannu, duk abin da aka miƙa masa a kwano a tsaye zai cinye shi, da baƙin mai a farcensa, ya kora da ruwa ya koma ƙarƙashin mota. Yadda aka yi irin wannan mutum ya haifi irin Yaya, sai Allah. Goggo takan ce yana ƙarami ya yi wata doguwar jinya, ƙyanda ta feso masa har cikin baki, tun da ya tashi daga wannan kwanciyar maƙogwaronsa bai sake komawa daidai ba. Baban Gareji kuwa cewa yake babu wata ƙyanda, sangarta ce kawai, an samu namiji bayan mata an rasa inda za a ajiye shi.

Abin da Yaya ke iya ci bai wuce yatsun hannu ɗaya ba. Farar shinkafa wara-wara da ɗan gishiri, ba mai ba miya. Burodi. Shayi ba madara. Dafaffen ƙwai, shi ma farin kaɗai, gwaiduwar ni ake tura wa in na je gidan, abin da ya sa ƙafata ba ta ɗaukewa daga can ke nan. Sai dankali in an soya shi ya bushe ƙayau. Duk abin da aka cakuɗa, ko mai yauƙi, ko mai ƙarni, ko wanda albasa ta gifta ta kusa da shi, ba ya wucewa. Ba wai ya ɗanɗana ya ce babu daɗi ba. Da ya kai baki sai ka ga wuyansa ya sanƙare, idanunsa sun kawo ruwa, yana kakarin amai. Shi ya sa a kicin ɗin Goggo tukunya biyu ake ɗorawa kullum, babba ta mutanen gida, da wata 'yar ƙarama mai kunne ɗaya wadda ba ta taɓa sanin komai ba sai ruwa da shinkafa da gishiri. Cokalinta daban, soson wankinta daban. Yayyensa mata sukan yi masa tsiya su ce Auta ba ɗan gidan ba ne, haya yake yi.

Amma akwai shi da kai. Lissafi a wurinsa kamar shan ruwa, ga hannun zane. Zai ja layi ba rula ka rantse da rula ya ja. Duk da ya girme ni aji ɗaya muka gama sakandare, aka kuma ɗauke mu a kwalejin fasaha ɗaya, a wani gari mai tafiyar yini guda cur a mota. Shi sashen awon ƙasa, wato aikin safiyo, ni kuma sashen gini. Goggo ta so ya haƙura ya jira makarantar kusa, inda zai riƙa kwana a gida. Baban Gareji ya ce ba da yawunsa ba.

"In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba," in ji shi. "Ya je can yunwa ta koya masa abin da uwarsa ta hana ni koya masa."

A tasha Goggo ta ja ni gefe, ni da nake ƙarami, ta ce ga yayana nan ta ba ni amanarsa. Na ce kada ta damu. A raina ina ganin sati biyu ya yi yawa zai saba, don ni ma a lokacin ra'ayin Baban Gareji nake da shi, ban dai isa in faɗa ba.

Ɗakin da aka ba mu mu shida ne a ciki, gadajen ƙarfe uku masu sama da ƙasa, kowa akwatinsa a ƙarƙashin gado. Taga ɗaya ce, kuma bayan kicin ɗin makaranta take kallo, saboda haka tun da sassafe ƙaurin soyayyar albasa ke tashin mu. An hana girki a ɗakunan kwana kwata-kwata, wai wani ɗaki ya taɓa kamawa da wuta kafin zuwanmu. Kowa sai ɗakin cin abinci: dogayen tebura masu rufin kwano, da benci, da layi har waje, kowa riƙe da farantinsa. Wata dattijuwa ce ke zubawa, mai kauri da faɗa da tausayi, ɗalibai suna ce mata Mama Ludayi.

Ranar farko shinkafa aka dafa haɗe da mai da tumatir da albasa da gutsattsarin busasshen kifi. Ni dai na sunkuyar da kai na yi aikina. Da na ɗago sai na ga Yaya da cokali yana tsince-tsince, ya tara albasa a gefe ɗaya, kifi a wani gefen, yana ware ƙwayoyin shinkafa ɗaya-ɗaya yana goge musu mai a bakin faranti. Akwai wani ɗan ɗakinmu daga sashen lantarki, Dogo muke ce masa, bakinsa ba ya shiru. Ya buga tebur da cokali ya ce jama'a a yi tsit, ana tattara sakamako, baturen zaɓe bai gama ƙirga ba tukuna. Teburin ya ɗauki dariya har na kusa da mu. Yaya ma ya yi murmushi, ya cika cokalin nan ya kai baki don a bar zancen. Bai kai ga taunawa ba ya dafe baki ya yi waje da gudu. Kafin sati ya zagayo babu wanda ya san shi da wani suna sai Bature.

Daga nan rayuwarsa ta koma kan wani ɗan shago da ke bakin ƙofar makaranta, inda ake sayar da burodi da shayi. Safe burodi, rana burodi, yamma burodi. Ranar da motar burodi ba ta zo ba, ko ta kawo irin mai ƙamshin bota, to ranar sai ruwan shayi kawai. Amma ba ya fasa bin layi, don 'yan ɗakinmu sun tsara yadda za a riƙa cin farantinsa bi da bi, har ana rigima a kan ranar nama. Dogo yakan ce duk makarantar babu ɗalibi mai albarka irin Bature, shi kaɗai ne yake ciyar da marayu biyar. Yaya yana dariya tare da su. Ban taɓa jin ya ce wa kowa yunwa yake ji ba.

Dogon nan dai shi ne kuma ya fara tausaya masa. Ya samo cikin wani tsohon dutsen guga ya haɗa masa 'yar hita, aka ɓoye ta a akwati tare da wani gwangwanin madara babba da aka wanke tas. Da la'asar, in mutane sun tafi filin ƙwallo, Yaya yakan kulle ƙofa ya dafa shinkafarsa ya ci da zafinta a tsugune. Cikin 'yan makonni fuskarsa ta fara dawowa. Sai wata rana wutar ginin gaba ɗaya ta ɗauke da ƙara, mai kula da ɗakunan kwana ya bi ɗaki-ɗaki yana shinshina, har ya zo kan gwangwanin yana tururi. Ya tafi da hita, ya tafi da shinkafa, ya kuma ce in aka sake, daga mai girkin har mai haɗa wayar sai sun bar makarantar. Dogo maraya ne, kawunsa ke biya masa karatu. Yaya ya ce ba zai ja wa kowa kora ba, aka bar maganar.

Ni ne na je wurin Mama Ludayi na yi mata bayani. Ta saurare ni tana tsince wake, ta ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, ita ma tana da ɗa a wata makarantar, Allah kaɗai ya san abin da yake ci. Ranar da aka dafa farar shinkafa ta ɗebar masa tun kafin a zuba miya, ta rufe, ta aika aka kira shi ta ƙofar baya. Ta ba shi benci a inuwa kusa da tulin itace, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu tana jiran ta ga ya ci. To ashe da ludayin miyar kifi ta zuba, ta dai ɗauraye shi. Ni ban ji komai ba, amma tun da ya buɗe farantin na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗebo, ya kai kusa da baki, hannun ya tsaya a nan.

"Ɗana, ƙazanta ka gani a hannuna?" ta tambaye shi.

"A'a Mama, wallahi ba haka ba ne."

"To mene ne?"

Ya mayar da cokalin cikin faranti. Ta jira, ta jira, sannan ta zare farantin daga hannunsa ta juye wa magen kicin. Ta ce tun kafin a haife shi take ciyar da 'ya'yan mutane, har da waɗanda suka zama manya, ba a taɓa yi mata wannan cin fuska ba. Daga ranar in ya zo kan layi kanta a ƙasa take zuba masa. Labari kuma ya bazu cewa Bature girman kai ne ke damunsa, ɗan makanike da tsirfar 'ya'yan masu hannu da shuni. Dariyar da ake yi da shi ta koma dariyar da ake yi masa.

Ni ma raina ya ɓaci, don ni na roƙi matar. Na kwana biyu ba na kula shi sosai. Sai wata rana da tsakar rana na zagaya bayan ɗakin aikin kafinta neman katako, na same shi zaune a kan bulo da farantin wake a cinya. Ya toshe hanci da hannu ɗaya, yana tura cokali da ɗayan, yana bi da ruwa kamar mai shan magani. Cokali na uku komai ya dawo. Ya daɗe a durƙushe yana kakari, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa. Da ya ɗago ya gan ni bai yi ƙoƙarin ɓoye komai ba, ya goge baki da bayan hannu.

"Kai ma kana tsammanin ba na jin yunwa ko?" ya ce. "Duk na fi ku jin ta. In na ga kuna ci, ji nake kamar in fizge. Amma da ya iso nan," ya taɓa maƙogwaronsa, "sai a rufe ƙofa. Ba ni nake rufewa ba."

Ashe ya daɗe yana zuwa wurin nan kullum yana gwadawa shi kaɗai. Na karɓi farantin na wanke masa a famfo, muka koma ɗaki.

Da muka je hutu Goggo ta gan shi ta zauna a bakin ƙofa ta fashe da kuka. Bel ɗinsa ya sha huda da ƙusa, wando yana tattare a ƙugu kamar bakin buhu. Baban Gareji ya dube shi sama da ƙasa, ya juyo ya tambaye ni ko ya fara cin abincin mutane. Na ce tukuna dai. Ya ce to da saura ke nan. Ya so ya hana ɗora ƙaramar tukunya a hutun, a nan ne na fara jin Goggo ta ɗaga wa mijinta murya. Ta ce in kashe shi ake so a yi, a bari sai ya koma can, ba a gaban idonta ba.

A shekara ta biyu gyambon ciki ya kama shi. Nas ɗin makaranta ta ba shi wani farin magani mai kauri, ta ce ya riƙa cin abinci a kan lokaci, ya daina shan shayi da cikin wofi. Ya yi godiya ya fito. A aji har lokacin babu mai kama shi a lissafi, sai dai yakan yi gyangyaɗi a kan allon zane, kuma hannun nan da ke jan layi ba rula ya fara karkarwa.

Ƙarshen wannan shekarar ne 'yan sashensu ke fita aikin fili. Wata guda ake yi a daji, ana kwana a tanti, ana yini a rana da na'urar awo mai ƙafa uku da dogon sandan awo, kuma tukunya ɗaya ake dafa wa kowa. Babu shago, babu gari kusa. Wanda bai yi wannan fita ba, ba shi da takardar gamawa. Yaya ya cika jaka da burodi ya hau mota. Ban je ba, 'yan ajinsu ne suka ba ni labari. Damina ce, cikin 'yan kwanaki burodin ya yi fumfuna, ya riƙa kankare koren yana cin sauran. Da ya ƙare ya koma biskit, da biskit ya ƙare ya koma ruwa da suga. Wata rana yana tsaye can nesa riƙe da sandan awo, mai leƙen na'ura ya ga sandan yana karkata a hankali, ya ɗaga hannu yana yi masa alamar ya miƙe shi, sai ya ga babu sanda babu mutum. Da suka isa wurinsa yana kwance a ciyawa ya yi aman wani abu baƙi.

A babban asibitin garin na same shi, an sa masa ƙarin jini. Ɗaki ne mai gadaje jere hagu da dama, fanka ɗaya ke aiki, warin magani ya haɗu da na abincin da 'yan jinya ke kawowa. Likita ya ce gyambon ne ya fashe, in aka samu jini ya tsaya sai ya fara cin abu mai laushi. Aka kawo abin mai laushi, ya kau da kai. Na aika gida.

Goggo, wadda ba ta taɓa yin tafiyar da ta wuce ƙauyen kakanninmu ba, ta shigo ɗakin nan da ƙullin zani a ka, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman mota. A cikin ƙullin akwai 'yar tukunyar nan mai kunne ɗaya, da cokalinta, da risho. Masu gadi suka ce ba a kunna wuta a asibiti. Ta bi su da magiya har suka gaji, suka nuna mata wani lungu bayan ɗakin wanki, inda ake shanya zannuwan gado. A nan ta tsuguna ta dafa shinkafar ta yi luguf, ta kawo. Yaya ya juya fuska bango ya ci. Wani tsoho mai karayar ƙafa a gadon kusa ya ce Allah ya bar mana iyaye mata, 'yan ɗakin suka amsa da amin, wasu na murmushi. Na ga hawaye na ɗiga cikin kwanon amma bai daina ci ba, yunwar ta fi kunyar ƙarfi. Da Goggo ta fita wanke tukunya ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, in dube shi, ƙato da gemu, sai an ɗauko masa uwa daga wata duniya kafin ya ci abinci. Baban Gareji bai zo ba. Ya aiko cewa akwai injin mutane a buɗe, ba zai iya barinsa ba.

Malaminsu na taswira ya zo dubiya. Mutumin kirki ne, yana son Yaya ƙwarai. Ya ce doka ba tasa ba ce, dole a maimaita shekara, amma in lokacin fita ya zo zai bar shi ya tafi da rishonsa ya riƙa dafa abin da zai iya ci. Da wannan alkawarin Yaya ya koma. Ni na gama na tafi, Dogo ya tafi, 'yan ajinsa duk suka watse, ya zauna cikin ƙannensa na makaranta waɗanda suka gaji sunan Bature ba su gaji sabon da muka yi da shi ba. Kafin damina ta zagayo aka yi wa malamin taswira canjin wurin aiki. Wanda ya maye gurbinsa ya saurari Yaya a tsaye a bakin ofis, ya ce daji za a je ba otal ba, in aka ba mutum ɗaya risho gobe mutum talatin za su zo da nasu.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin safiyar tafiyar, bayan shekaru. Ya ce ya shirya jakarsa, ya fito, ya tsaya a layi. Yana kallo ana loda buhun albasa da kwandon busasshen kifi da ƙatuwar tukunya a bayan mota. Aka kira sunansa bai amsa ba, aka sake kira. Ya ce ƙafafunsa ne suka ƙi, kamar yadda wuyansa ke ƙi. Yana nan tsaye motar ta tashi ta fita ƙofa. Ya koma ɗaki ya naɗe katifarsa ya nufi tasha.

Baban Gareji bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dube shi da katifa a kafaɗa, ya ci gaba da wanke hannunsa da fetur. Daga baya ne ya ce wa mahaifina, a gaban mutane, ashe shi mata biyar ya haifa. Maganar ta dawo kunnen Yaya kafin magariba.

Wani tsohon akawu da ya yi ritaya ya ɗauke shi aiki a shagonsa na fotokofi kusa da kotu. Shago ne siriri, in mutum biyu suka shiga na uku sai ya tsaya a waje, na'urar tana fitar da zafi da warin tawada yini guda. Abin da ya sa ya karɓa shi ne kusa da gida ne, da azahar yakan taka ya je ya ci ya dawo. Wani ɗan ajinsu da ya samu shiga kamfanin gina hanyoyi ya neme shi har sau biyu, ya ce ko ba takarda za a ɗauke shi mataimaki, don ya san abin da ke kansa. Aikin na yawo ne, yau wannan daji gobe wancan. Yaya ya ce zai yi shawara. Ba a sake nemansa ba.

Ya yi aure, da wata malamar firamare mai haƙuri da fara'a. Ta zauna a gaban Goggo ta koyi dafa shinkafar nan kamar mai koyon karatu, kuma ya ci daga hannunta, abin da ya sa Goggo ta yi kwana uku tana sa mata albarka. Amma gida ba shinkafa kaɗai ba ne. In ta soya kifi don kanta sai ya fita ya zauna a waje har warin ya lafa. In sun je gidan iyayenta aka kawo abinci sai ya ce ya ƙoshi, har surukarsa ta daina fitowa gaisawa da shi. Duk wannan ta shanye. Abin da ya karya ta shi ne 'yarsu. Yarinyar tana fara wayo ta soma ture kwano, tana tsince albasa da ɗan yatsa, in an matsa mata ta ce ai Baba ma ba ya ci. Matar ta zo wurina tana kuka, ta ce tana iya zama da mutum ɗaya a haka, ba za ta iya rainon na biyu ba. Na ɗauka Yaya zai yi gardama. Shi ne ma ya ce ta tafi da yarinyar gidan iyayenta, inda ake cin abinci a tare a kwano ɗaya, tun icen yana ɗanye. Aka ce na ɗan lokaci ne. Lokacin ya yi ta tsawo har auren ya mutu a tsaye, ba faɗa ba zagi. Yarinyar tana nan ta girma, an ce komai ci take yi. Yakan je ya gan ta a bakin makarantarsu, ba ya shiga gidan.

Goggo ta rasu yana dab da shekara arba'in. A ciwonta na ƙarshe, hankalinta na zuwa yana tafiya, ba ta tambayi kowa ba sai ko Auta ya ci. Bayan rasuwarta aka sayar da gidan, Baban Gareji ya koma wurin babbar 'yarsa, Yaya ya kama ɗaki ɗaya a bayan shagon. Shi da mahaifinsa suna gaisawa in sun haɗu, irin gaisuwar maƙwabtan da ba su saba ba.

Watan jiya na raka shi asibiti, saboda wani ɗan ciwo da ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ga jiri, ga yawan ƙishirwa. Aka auna jini. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Ta shiga lissafa masa abin da zai bari: burodi, farar shinkafa, shayi mai suga, soyayyen dankali. Sannan abin da zai koma ci: wake, ganye, kifi, miya mai kayan lambu. Yaya ya yi wani ɗan murmushi yana kallon ƙasa. Ta tambayi abin da ya ba shi dariya, sai ni na yi mata bayani a taƙaice, ina jiran ta yi irin kallon da kowa ke yi. Ba ta yi ba. Ta ajiye biro ta yi masa tambayoyi masu yawa, tun yaushe, me yake ji a wuya, ƙamshi ne ko laushin abin. Sannan ta ce wannan lalura ce sananniya, tana da suna, akwai masu duba ta a babban asibitin koyarwa. Ta ce an fi samun nasara in an fara tun mutum yana yaro, amma ko yanzu ana iya gwadawa.

"Ashe ciwo ne," in ji Yaya.

Ta ce ciwo ne mana.

Muka fito muka zauna a benci a baranda, ya miƙe ƙafar da aka naɗe da bandeji. Ya daɗe yana kallon masu wucewa. Na ce in ya shirya ni zan kai shi asibitin koyarwar da motata, mu kwana biyu mu dawo. Ya ce sai an gani. Na ce ko in gaya wa yayyensa abin da likita ta ce, su ma su sani. Ya girgiza kai, ya ce wadda za ta ji daɗin jin wannan magana ba ta nan, sauran kuwa a bar kowa da abin da ya sani.

Na sauke shi a bakin shago. Wata mata na jiransa da tarin takardun shari'ar gado, tana mita an ɓata mata lokaci. Ya ba ta haƙuri, ya buɗe ƙofa, ya kunna na'ura, takarda ta maƙale tun a ta farko. Na bar shi ya durƙusa a kan ƙafa ɗaya yana zaro ta a hankali, ɗayar ƙafar a miƙe gefe don kada ta taɓa ƙasa.

Ina kiransa a waya duk sati. Kullum cewa yake da sauƙi, maganar tafiya kuma sai aiki ya ɗan lafa. Babbar yayarsu ta je ta gan shi shekaranjiya, ta ce mini ciwon bai rufe ba, ya ma kama yatsa na biyu.